Kafin Ku Sa Wa Tsohon Gilashin Fitila Kuɗi

Ƙannena da ƴaƴana na Tanut da Belbeji da sauran garuruwan Damargu: Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da babbar waya, ina so mu zauna mu dube ta da kyau. Saurayi zai shiga ɗakin shirgi na gidansu, ko a kira shi aikin gyaran wani tsohon gini, ya ci karo da gilashin nan mai faɗin baki da ake kifawa a kan ƙwan lantarki a rufin ɗaki, wani fari sol, wani da zanen furanni, wani mai tsaga-tsaga daga sama har ƙasa. Zai share ƙurar da gefen rigarsa, ya ɗauki hoto, ya nemi mai kama da shi a intanet, ya ga wani can a Faransa ya rubuta wa nasa kuɗi masu kauri. Daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa, har ya fara lissafin babur da kuɗin aure. Wani kuma baƙo mai neman tsofaffin kaya ne zai zo ya miƙa masa abin shan shayi, ya kwashe abin da kakarsa ta adana tun kafin a haifi ubansa. Na farkon zai wahala, na biyun zai yi nadama, kuma abu guda ne ya kayar da su: ba a koya musu duba kaya ba.

Abin da nake so ya zauna a zukatanku shi ne, tsufa daban, ƙaranci daban, samun mai so kuma daban. Kayan da masana'anta ta zuba dubbai bisa dubbai don a sayar da arha, shekaru kaɗai ba sa mayar da shi dukiya. Sai in ƴan uwansa sun ƙare a duniya, shi ya rage lafiya lau, sannan aka samu mai nemansa da kuɗi a hannu. Idan ɗaya cikin ukun nan ya faɗi, abin da ke hannunku tsohon gilashi ne mai kyau, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne.

Mu mutanen Damargu bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba, domin ƙasarmu ta daɗe tana kallon kayan masana'antun Turai suna wucewa a bayan raƙuma. Hanyar da ta taso daga Tarabulus, ta bi ta Gat da Abzin, ta nan take ratsawa kafin ta kai Damagaram da Kano, kuma a nan ayari yake auna hatsi. A watan Janairu na 1851 Turawa uku, Richardson da Overweg da Heinrich Barth, suka sauka a Tagelel cikin Damargu, a nan ne ma Richardson ya rabu da sauran biyun. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina har Kano, ya lissafa abin da ya tarar a kasuwa: yadi daga Manchesta, ƙananan madubai da allurai daga Nuremberg, ruwan takobi daga Solingen, duwatsun wuya na gilashi daga Venis. Duk kayan sari ne. Duwatsun nan a tsibirin Murano da cikin birnin Venis ake yin su, a cika buhuna da akwatuna, a loda wa jiragen ruwa. Yau akwai waɗansu irinsu da masu tara kayan da suke biyan kuɗi sosai a kansu, saboda aikinsu ya fi wuya kuma kaɗan suka saura. Akasarinsu kuwa har gobe ga su nan a zare, rataye a rumfunan Kasuwar Kurmi a Kano, wanda ya taya da mutunci a sallama masa. Zamaninsu ɗaya, hamadar da suka ƙetara ɗaya, kuɗinsu ya sha bamban.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya ja baya, kaya suka koma shigowa ta bakin teku. Kantunan kamfanoni irin su CFAO da SCOA a ƙasashen da Faransa ta mallaka, da su John Holt da UAC a Kano, su suka cika gidajenmu da langa da tasa da fitilar ƙwai. Gilashin rufin ɗaki shi sai inda lantarki yake: gidajen gwamnati, ofisoshi, gidajen manyan attajirai, daga baya kuma masallatai da ɗakunan amare. Waɗansu alhazai suka zo da su tsaraba, waɗansu ƴan ci-rani suka kawo daga Libiya da Aljeriya, waɗansu suka biyo kayan gwanjo daga Kwatano. Ku tuna cewa kamfanin NIGELEC kansa a 1968 aka kafa shi, wuta kuma ta daɗe ba ta kai garuruwa da yawa ba bayan nan. Saboda haka yawancin abin da za ku tsinta a ƙasarmu bai kai shekarun da zuciyarku take ba shi ba. Damagaram ta riƙe babban birnin mulkin mallaka har 1926, ana iya dacewa da ɗan abin da ya fi tsufa a tsofaffin gine-ginenta, amma mai hankali da ƙaramin zato yake farawa, sai kayan da kansa ya nuna masa ya fi haka.

To, yaya kaya yake nunawa? Sai kun san yadda aka yi shi. Da can gilashi hura shi ake yi: mai sana'a ya ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe, ya busa da bakinsa yana juyawa, kowane guda ya fito da kamanninsa. A wajen 1825 aka soma matsa narkakken gilashi da inji cikin mazubin ƙarfe a Amurka, abin da gwani ɗaya zai wuni yana yi sai leburori biyu su fitar da ɗaruruwansa. Da ƙwan lantarki ya bazu bayan 1879, gilashinsa garau ne, haskensa yana kashe ido, sai aka shiga neman abin da zai tausasa shi. Masana'antun Faransa da Jamus da Ingila da Amurka da yankin Bohemiya na ƙasar Cek suka yi ta zuba waɗannan murafe shekara da shekaru, ba dare ba rana.

Ku fito da naku tsakar gida da hantsi. Ku ɗaga shi ga rana, ku bi jikinsa da farce daga baki zuwa gindi, a hankali, kuna juya shi. Idan kun ji wani siririn layi ya ɗan taso, biyu suna fuskantar juna ko uku a kewaye, to nan ne ɓangarorin mazubin suka haɗu. Wannan layi ba aibu ba ne, shaida ce kawai cewa abin yana da ƴan uwa masu yawa. Aikin hannu zalla ba ya da wannan layin, kaurinsa kuma ba ya zama daidai ko'ina, wani gefen ya fi wani nauyi. Za ku kuma ga ƙananan kumfa a daskare cikin gilashin, dillalai suna son nuna su da yatsa su ce alamar tsufa ce. Kada ku yarda da wannan shi kaɗai. Masaga na Bida har yau suna narka kwalabe suna yin awarwaro da duwatsun wuya da hannu, aikinsu na jiya ma da kumfa yake fitowa.

Daga nan ku koma bakin, wurin da ƙananan kusoshi uku suke riƙe gilashin a jikin ƙarfe. A nan ɓarna take ɓuya, domin nan ne hannu ya fi taɓawa duk lokacin da aka canja ƙwai. Ku zagaya da tafin yatsa, za ku ji inda ya ɓantare ko da ido bai gani ba. Ɗan ɓantarewar da ƙarfe zai rufe, mai saye yana iya haƙuri da ita ya rage kuɗi. Tsagewa kuwa ba a haƙuri da ita, domin zafin fitila zai ci gaba da jan ta har ranar da gilashin zai faɗo a kan mutane. Ku riƙe shi sako-sako a kan yatsu, ku ɗan ƙwanƙwasa gefensa da farce: lafiyayye yana ba da amo, mai tsaga yana amsawa a dakushe.

Wajen wanki ne aka fi yin asara, shi ya sa zan ja kunnenku a nan, musamman ƙannena mata da aka saba ba su aikin. Kada toka ko yashi ko soson ƙarfe su kusance shi. Ku shimfiɗa tsumma a gindin roba, ku zuba ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, ku wanke da hannu. Ruwan zafi a kan gilashi mai sanyi yana fasa shi nan take. Furannin da kuke gani a jikin da yawa daga cikinsu fenti ne aka ɗora a sama, idan aka dirje su za su bi ruwa, kuma da su kuɗin zai tafi. Idan bayan wanki kun ga wani hazo ya rage wanda ba ya fita, gilashin ne ya ci kansa saboda daɗewa cikin laima, ba ya gyaruwa, sai a faɗa wa mai saye.

Ku auna faɗin bakin da ma'aunin tela. Masana'antu ba da ka suke yi ba, suna da ma'auni tsayayye. Na Amurka yawanci inci biyu da kwata ne, ko uku da kwata, ko huɗu, ko shida, wato wajen santimita 6 da 8 da 10 da 15. Wanda bakinsa ya dace da ƙarafan da ake samu a kasuwa ya fi saurin samun mai so. Idan kuma kun same shi da ƙarfensa na asali, da sarƙarsa da kusoshinsa, kada ku raba su. Na ga yadda ake ɓalle tagullar a kai wa masu sayen ƙarfe a kilo, a bar gilashin tsirara, alhali haɗuwarsu ce take da daraja. Haka idan biyu ne ko huɗu iri ɗaya, a tare suka fi kuɗi.

Sai rubutu. Ku duba bakin da kyau, ciki da waje, da jikin ƙarfen. Sunan da ya fi dacewa ku sani shi ne Holophane. A 1893 wasu masana biyu a Paris, André Blondel da Spiridon Psaroudaki, suka yi rajistar dabarar yi wa gilashi tsaga-tsaga masu kaifi da ke karkatar da haske zuwa inda ake bukata, maimakon ya watse a banza. Irin wannan gilashi ya cika makarantu da masana'antu da tashoshin jirgi da tituna, a Faransa an yi ta yin sa a garin Les Andelys, kuma sau da yawa sunan yana nan a zube a gefen bakin. Masu ƙawata gidaje a Turai suna nemansa yau. Amma an yi shi da yawan gaske, waɗansu masana'antu kuma sun kwaikwayi tsagar, saboda haka ba duk mai tsaga-tsaga ne nasu ba.

Sunan ƙasa ma yana ba da shekaru, kuma a nan karatun tarihin da kuka yi a makaranta zai yi muku rana. Abin da aka rubuta wa Cekoslobakiya an yi shi tsakanin 1918 da 1992, domin kafin nan babu ƙasar, bayan nan kuma ta rabu biyu. Wanda aka rubuta wa Jamus ta Yamma tsakanin 1949 da 1990 yake. Idan kwalinsa ko takardar da ke manne da shi tana da zanen layi-layin nan da ake haskawa a kanti, bai riga 1974 ba. Idan ƙarfensa yana da alamar CE, ɗan shekarun 1990 ne ko bayansu, kome irin tsufan da ƙura ta ba shi.

Launi biyu suna ruɗin mutane. Akwai gilashin da asalinsa garau ne, amma ya daɗe a rana ya koma ruwan shuni-shuni. Sinadarin manganis ne da ake zubawa don a kashe koren gilashi, an fi yin haka daga wajen 1880 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, rana irin tamu kuwa ba ta jimawa take fito da launin. Alama ce mai kyau ta shekaru, sai dai a Turai da Amurka akwai masu haska gilashi da na'ura don ya rine, har masu tara kaya da yawa suka koma ɗaukar launin a matsayin lahani. Na biyu shi ne kore mai ɗan rawaya, wanda idan aka haska shi cikin duhu da tocilan ɗin da ake duba jabun kuɗi, sai ya yi walƙiya kore shar. Wannan akwai ɗan yuraniyom a cikinsa, don launi aka sa. Mu ƴan Nijar da mun ji wannan suna sai zuciya ta tafi Arlit. Abin da ke ciki ɗan mitsitsi ne, ba ya ciruwa, ba shi da wata kasuwa ta ɓoye. Masu sha'awa suna sayen gilashin ne don kyan walƙiyarsa.

Maganar shekarun nan ta shafi fitilar ƙwai ma, wadda ita ce ainihin gilashin da ƙauyukan Damargu suka sani, daga Gangara har Tarka. Kamfanin Dietz na Amurka tun 1840 yake, amma a 1956 ya buɗe aiki a Hong Kong, daga baya ya koma cikin Sin. Kamfanin Feuerhand na Jamus har yanzu yana ƙera samfurinsa mai lamba 276 da kusan siffar da kakanninmu suka sani. Fitilar da ta yi kama da ta kakanku tana iya zama ta bara.

Yanzu maganar kuɗi. Ku ƴaƴan kasuwar dabbobi ne, kun san cewa abin da mai raƙumi ya faɗa da safe ba shi ne kuɗin raƙumi ba. Sai an buɗe baki an duba haƙora, an taya, an ce albarka, an ƙara, an sallama, dillali ya cire la'adarsa, sannan a san abin da ya shiga aljihu. Kuma ba wanda ya taɓa ƙara wa raƙumi kuɗi don ya tsufa. Lambar da kuka gani a intanet ita ce faɗar safe. Wani kayan yana shekara a rataye da wannan lamba ba wanda ya taya. A shafuka irin su eBay akwai wurin da ake nuna abin da aka riga aka sayar da nawa aka biya, can za ku duba, kuma ku duba guda da yawa masu girma ɗaya da lafiya ɗaya da naku. Sannan ku yi lissafi da alƙalami. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato ɗari shida da hamsin da shida in an cike. A ce an sayar da irin naku yuro 40, jaka 26 ke nan da ƴan kai. Wancan mai sayarwa yana zaune kusa da mai saye. Ku kuwa gilashinku sai ya yi tafiyar kusan kilomita 150 zuwa Damagaram, ya ƙara kusan 900 zuwa Yamai, ya hau jirgi, a biya kuɗin aike da na kwali da na shafin, kuma in ya fashe a hanya asararku ce. Sau da yawa abin da zai rage bai kai abin da mai gyaran wuta a Kasuwar Dole ta Damagaram ko mai tsofaffin kayan gini a kasuwar Katako ta Yamai zai ba ku hannu da hannu ba. Dillalin da ya taya ƙasa da abin da kuka gani a waya ba lallai macuci ba ne, shi ma wannan lissafin yake yi. Abin da za ku yi shi ne ku ji tayi daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, kuma kada ku sallama a ranar da aka fara tayawa. Wanda ya ce muku yanzu-yanzu ko ya fasa, ku ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Idan ku ne masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya zauna gaban malam ya kai babin ciniki a Risala ya san hukuncin algus da ɓoye aibu, ya san kuma haramcin a sa wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba. Ku nuna tsagar kafin a tambaye ku. Kada ku ce daga gidan gwamna ya fito in ba ku da tabbas, kada ku ce ya shekara ɗari don kun ji yana da daɗin faɗa. Wannan ya fi damuna fiye da asarar kuɗi, domin saurayin da ya koyi ƙara wa gilashi shekaru, gobe zai ƙara wa hatsi tsakuwa.

Ku kuma yi nesa da masu cewa akwai wani ɓoyayyen sinadari mai tsada a cikin tsofaffin kaya. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani jan sinadari da ake saye da dukiya mai yawa. Mutane suka yi ta saye da tsadar hauka, har aka riƙa fasa shagunan teloli, sinadarin kuwa babu shi a duniya. Irin wannan labari yana yawo, yau a kan dutsen guga, gobe a kan rediyo ko fitila, kuma kullum mai kawo shi yana bukatar ku fara ba da wani abu.

Akwai kuma abin da ba na sayarwa ba ne ko an taya. Gilashin masana'anta naku ne, ku sayar ko ku ajiye. Amma abin da aka tono daga kufai ko tsohon kabari, da tsofaffin rubuce-rubucen malamai na hannu, wannan gadon ƙasa ne, dokar 1997 ta kare shi. An ga yadda aka wawashe tukwane da gumakan Bura a yammacin ƙasar nan bayan an gano su a 1975, suka watsu a kasuwannin Turai. Wanda ya tsinci irin wannan ya sanar da hukuma, akwai Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai da aka kafa tun 1959 saboda adana irin wannan gado.

Kafin ku yanke shawara a kan na gidanku, ku je wurin tsohuwa ku durƙusa ku tambaye ta: Iya, wa ya kawo wannan, daga ina, a wace shekara? Watakila ta ce tsarabar Makka ce ta Alhaji, shekarar da aka yi fari. Watakila ta ce a ɗakinta aka fara rataye shi ranar da wuta ta shigo unguwa, yara suka cika ƙofar gida suna kallo. Ku rubuta abin da ta faɗa a takarda ku ajiye tare da shi. In za a sayar, wannan takarda tana ƙara wa mai saye natsuwa. In kuma kun ji labarin kun ga jaka goma ko ashirin ba su kai a rabu da shi ba, ni ina bayanku, kuma a ganina yawancin lokaci wannan ce shawarar da ta fi.

In za ku mayar da shi rufi, ku kira mai gyaran wuta ya canja tsohuwar waya da mazaunin ƙwan, domin robar da ta daɗe tana farfashewa ta jawo gobara. Ku sa ƙwan zamani marar zafi, irin wanda ake haɗawa da sola, shi ba ya gasa gilashi. Ku tabbata ƙugiyar tana cikin katako ko ƙarfe mai ƙarfi, ba a jikin kwalin silin ba. Kusoshin nan uku kuma ku ɗaura su daidai wa daida, kowane ya taɓa wuyan gilashin, sannan ku ɗan sassauta kowane kaɗan, domin gilashi yana buɗewa idan ya ji ɗumi, kuma yawancin tsagar da za ku gani a bakin tsofaffin nan hannun da ya matse kusa ne ya jawo ta.